Kocin da Ba Ya Zama

Zuwa ga Malam, mahaifin Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Amma waɗanda nake so su ji suna karanta shafina na intanet, kuma da sunanka suke yi mana abin da suke yi, shi ya sa na kawo ƙarar wurinka.

Doha ta cika da baƙin gasar kofin duniya. Tasi ma sai da wahala ake samu a unguwar Al Sadd. An rufe kwaleji saboda gasar, kuma in an koma, kwamitin wasanni zai zauna a kan ɗanka: ko a bar masa aikin horar da 'yan ƙwallon kwando, ko a ce masa khalas, wato a sallame shi. Kwalejin ce kafil ɗinsa, wato ita ta tsaya masa a takardar zama, ni kuma a ƙarƙashin takardarsa nake. In aikin ya tafi, izinin zamanmu ya tafi. Sai in hau jirgi in bar ka a ƙasar da korona ta sa aka binne ka ban ga fuskarka ba.

Ka san laifinsa? Yana zama a benci lokacin wasa.

Yaran da ka horar a Zariya suna nan, Malam. Sun zama likitoci da injiniyoyi, gemu ya yi furfura, 'ya'yansu ne yanzu a hannun Abba. Duk ranar wasa suna jeruwa a sahun gaba kamar masu shari'a. Sabo, wanda ka sha sa wa gudun zagaye fili saboda makara, yanzu Injiniya ne, kuma shi ne wakilin iyaye a kwamitin. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Koci bai taɓa zama ba. A tsaye yake cin wasa."

Gaskiya ne, ba ka zama. Amma ni na san dalili. Tun faɗuwar da ka yi a babur a hanyar Samaru, zama a kan katako ya zame maka azaba. Ni nake dafa ruwa in gasa maka bayan nan. Tuwo ma a jingine da bango kake ci. Ciwon da ya hana ka zama a benci shi ne ya sa Abba ya ɗauko mu zuwa nan neman magani. Su kuwa sun mai da shi jarumta, suna auna ɗanka da shi.

Suna tuna shekarar da kuka ɗauko kofi, aka raka ku da ganga har ƙofar gida. Shekarun da aka yi ta lallasa ku kuwa sun goge a kansu. Ni ban manta ba, don ni nake wanke rigunan. Ka dawo ka rataye usur a ƙusa, ka ƙi cin abinci, ka ce mini, "Yaran nan hannunsu kamar an shafa man shanu." Su ɗin nan kake nufi.

Na faɗa wa Sabo haka a wani taron suna a unguwar Gharrafa, a gaban matarsa. Dariya ya yi, ya ce, "Hajiya, ai ku kuna gida. Mu muka san Koci." Ka ji fa. Ni da na yi zaman aure da kai har ka koma ga Allah, wai shi ya fi ni saninka. Babba da furfura, amma yana neman yaro ya dawo masa da ƙuruciyarsa. Wannan ba tarbiyya ba ce, son kai ne, kuma Allah yana gani.

Yaran kwalejin kuwa ba su san ka ba, ko sunanka ba su riƙe ba. Su abin da suke so shi ne koci mai tsalle da ihu, wanda za su ɗauka a waya su watsa. Kansu a tuttuje, abin sauraro a kunne, gaisuwa sai an roƙa. Daga kujerun sama suke kwarara masa ihu, "Yalla Koci, tashi mana!" Tsofaffi suna son ya tashi don ya zama kai, yara suna son ya tashi don hoto ya yi kyau. Babu mai tambayar abin da ya zaunar da shi.

Kai ba ka ga wannan ba. Wurin jinyarka Abba ya ɗauki cutar korona. Shi Allah ya tashe shi, amma ƙirjinsa bai dawo ba. Benen gidanmu sai ya huta a tsakiya. Ba ɓoyayyen abu ba ne, don a sahun gaban nan akwai likitan da ya duba huhunsa. Shi ma cewa yake, in ya sa kansa zai iya.

Ni na koya wa Abba kada ya mayar wa babba magana, kuma ban yi nadama ba. Amma ina kallonsa yana durƙusa musu, suna gyara masa aikinsa, yana cewa to.

Wasan ƙarshe kafin hutu, ya ɗauki usur ɗinka ya rataya. Daga farko har ƙarshe bai zauna ba. Ina can sama ina ganin kafaɗarsa tana hawa tana sauka. An cinye su duk da haka. Sabo ya dafa shi ya ce, "Yau ka fara kama da mahaifinka."

A hanyar gida ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya kifa kai a sitiyari yana jan abin shaƙar maganinsa, motoci masu tutoci suna wucewa suna hon. Ni ban iya tuƙi ba, Malam. Hannu kawai na ɗora a bayansa, daidai inda nake gasa maka. Da numfashi ya dawo sai ya ce, "Umma, kin ga na tsaya?"

In na ce ya zauna, za su kore shi, mu bar kabarinka babu mai ziyarta. In na ce ya tsaya, ina tsoron a haƙa wani kusa da naka. Da kana nan, kalma ɗaya za ka yi wa Sabo ya sunkuyar da kai. Ni tawa ba ta wuce ƙofar falo.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka, ka hutar da bayansa da bai huta ba a duniya. Ka buɗe ƙirjin ɗansa, ka sassauta zukatan waɗanda suka ƙaunaci uban har suka kasa ganin ɗan. Malam, ka yi tsayuwar da ta ishe mu duka. Allah ya ba Abba wurin zama.

Taka har gobe kiyama,
Uwar Abba