Kwalbar Yaya Hajo

Ƙonni, Laraba da dare, 1974

Yau na komo daga Yamai. Ni Idi Guguwa, direban da ba a wucewa bisa hanya, jiya da za ni har kamiyo, babbar motar siminti, ya wuce ni. Hwasinja na ta yi min tsiya, wai "Direba, ƙwai ka ɗauko?" Na ce a'a, amarya ce.

Kwalba ce cikin aljihuna, da ɗan naman da lokotoro, wato likita, ya yanko daga ƙullutun nonon yayata Hajo. Bai kai ƙwarar wake ba. Wani mai hwarar riga na asibitin Yamai ya ce za su yanka shi siriri kamar ɓawon albasa, su sa mishi launi, su duba ga madubin ƙara girma ko ciwon daji ne. Ya bar ni na leƙa na wani. Kamar zanen atamhwa, har da kyau. Wai wanga abu ke kashe mutum?

Da na iso Hajo ta ce mi sunka ce. Na ce sun ce ba su taɓa ganin nama mai kyan namu ba, amsa sai sati ukku. Ta yi dariya, kana ta kama hannuna.

"Idi, ran da takarda ta zo ban son wasa. Ka hwaɗa min yadda take."

Na ce to, Yaya. Kana na hito zaure.