Jatau Ya Hau Dutsen Indiyawa

Palitana, Indiya
18 ga Nuwamba, 2000

Zuwa ga maiɗakina Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗiyarmu Nadiya da su Baba da Inna da duk mutanen Zurmi. Ni ma lafiya lau nake, sai kewarku da kewar tuwon dawa. Mutanen nan ba su cin nama, ko albasa ba su sawa a tukunya.

Jiya munka hau dutsen da maigidana Baba Doshi ya daɗe yana ba ni labarinsa, tun ina tuƙa shi sayen gyaɗa da auduga a kasuwanninmu. Sunan addininsu Jain, kuma nan ne babban wurin ziyararsu. Saude, gari ne guda a bisa dutse, amma ba mai kwana cikinsa. Duk inda ka duba ɗakunan ibada ne na farin dutse. Tun asuba mutane ke hawa cikin fararen kaya. Na ga wata tsohuwa ta rufe bakinta da ƙyalle, tana share gabanta kafin ta taka, don kada ta kashe tururuwa.

Kin san ƙafafun Baba Doshi sun mutu. Akwai masu ɗaukar tsofaffi a kujera mai sanduna, amma ya ce sai da kafaɗata zai hau. Na kama gaba, wani ɗan garin ya kama baya, har kafaɗata ta sale. A ƙofar sama anka ce a cire takalmi da duk abin fata, na cire har da layata. Na ajiye tsohon bakin wani ɗakin ibada, ya ja jiki ya shiga yana kuka kamar yaro. Ni kuwa na koma gefe na yi taimama na yi azahar.

Ya ce ba zai dawo Najeriya ba, nan yake son ya mutu. Ni ina tafe cikin azumi, da tsarabarki da ta Nadiya.

Naki har kullum,
Jatau

Ƙaura Namoda
9 ga Janairu, 2001

Saude,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Inna? Yaya Nadiya? Ina fatan kun yi salla lafiya.

Ban san abin da ake gaya miki a cikin gida ba, shi ya sa na rubuto. Na zo ɗaukarku, yayanki Sha'aibu ya tare ni a zaure. Na miƙa masa hannu, ya maida nasa baya. Tsarabarku ya zuba mata kananzir a ƙofar gida, ya ƙone ta ina tsaye.

Ni na ba da labarin dutsen da bakina, wurin mai shayi a tasha, ana ta dariya ana ƙara tambayata. Kafin mako labari ya juye, wai na cire takalmi na yi wa gumaka sujada. Sha'aibu ya kai ƙara cewa aurenmu ya mutu. Alƙali ya saurare ni, ya nemi shaidu, babu ko ɗaya. Ya ce ni Musulmi ne, kuma ke matata ce. Muna fitowa Sha'aibu ya ce mini alƙali ya faɗi tasa, amma ƙanwarsa ba za ta sake cin abinci kwano ɗaya da arne ba.

A masallacin unguwarmu, in na shiga sahu sai na dama ya matsa, na hagu ya matsa. Ni kaɗai nake tsayawa a tsakiya. Mai shayin nan ma ya ware mini kofi na daban.

Ɗan Baba Doshi ya rufe sito ya koma Legas. Ko fitowa bai yi ya gan ni ba, maigadi ya turo ya karɓi makullin mota. A bakin maigadin na ji tsohon ya rasu.

Saude, kin san ni. Ke ce ke tashina sallar asuba. Ki buɗe baki ki faɗa musu.

Mijinki,
Jatau

Shinkafi
16 ga Maris, 2001

Saude,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Allah ya sa kuna lafiya.

Yanzu dako nake yi a kasuwar Shinkafi, inda ba kowa ya san ni ba. Na jira amsarki har na daina tambayar direbobin Zurmi.

Abin da ya faru ranar Babbar Salla ba sai na ba ki labari ba, amma ina son ki ji shi daga wajena. Ba rigima ta kawo ni ba. Na tsaya ne gindin darbejiyar da ke kallon gidanku, don in hango Nadiya cikin kayan salla in juya. Yara sunka gan ni, sunka fara waƙar arnen Indiya, sunka shiga jifa. Wannan bai dame ni ba, na saba.

Sha'aibu na zaune a benci yana kallo. Ya kira Nadiya, ya ɗauki dutse ya sa mata a hannu, ya nuna ni. Ta tsaya tana dubana, ta gane ni sarai. Na yi mata murmushi don kada ta ji tsoro. Ta matso kusa, ta jefa. Ya same ni a saman ido. Sha'aibu ya ɗaga ta sama yana dariya, yara na tafi, ita ma sai ta kama dariya. Ta cikin jini na hango ki a bakin zaure. Kin gan ni, kinka saki asabari.

Sakin da Sha'aibu ke nema na rubuta, saki ɗaya, na ba maigari. Ban iya sake tsayawa a ƙofar gidan nan.

Roƙona guda ne. Kada ki duke ta, kada ki bari a riƙa tuna mata. Yarinya ce, za ta manta. Idan ta girma wani ya tayar da maganar har ta tambaye ki, ki ce mata jifar ba ta same ni ba.

Ki huta lafiya.

Jatau