Kaset ɗin Ƙanen Matata

Anti Talatu, don Allah ki taimake ni, bakina ya jefa ni cikin abin da na rasa mafita.

Ni direba ne, shekara goma sha huɗu ina jan bas ɗin ma'aikatan wani kamfani a Kudenda. Da safe in kwaso su daga Trikania da Nasarawa, da yamma in mayar. Ba yabon kai ba, duk layin nan an san ni da kunnen kiɗa. Kowane watan Yuni nakan zaɓi kaset biyar da suka fi daɗi cikin waɗanda suka fito tun Janairu, in rubuta a kwali in manna a bayan kujerata, su za a yi ta ji a motar har ƙarshen shekara. Masu sayar da kaset a Kakuri har aikowa suke yi a dubo musu abin da na manna. Aikin kuma ya ƙara wuya, don shekara biyun nan da soja suka koma bariki duk mai maƙogwaro ya zama mawaƙi. Bana kaɗai na saurari kaset talatin da ɗaya, bakwai a ciki dimokuraɗiyya suke yi wa kirari.

Huɗu na riga na zaɓa, ba gardama. Akwai na mawaƙan wata zumuntar matan coci, akwai na wani mai kalangu a Tudun Wada da har dattawan cocinmu ke kaɗa masa kai. Gurbi na biyar ne ya hana ni sakat.

Matata Ruth tana da ƙane, Sylvanus, mai walda ne a kamfaninmu, yaron kirki wallahi. A watan Afrilu ya fitar da kaset. Ranar ƙaddamarwa a zauren coci aka zaunar da ni a babban tebur, aka ajiye min kaza da lemo mai sanyi, mai gabatarwa ya kira ni kunnen Kudenda, jama'a suka tafa. Anti, kaina ya kumbura. Aka miƙo min makirufo na ce tunda nake ban taɓa jin kaset irin wannan ba, kuma bana shi ne na ɗaya. Ruth har da hawaye. Abin da ban gaya wa kowa ba, a lokacin ko ledarsa ban ɓare ba.

Washegari na sa shi a mota. Waƙa takwas ne, duk kiɗa ɗaya na ɗan piyanon nan mai batir. Muryar kuwa sak burkin motata idan ruwa ya shige shi. Waƙa ta biyar minti goma sha ɗaya ce, godiya yake yi wa mutane da sunayensu, har da mai gidan da yake haya. Malam Musa na sito, dattijon da bai taɓa ce min uffan a kan kiɗa ba, ya roƙe ni in sauke shi a hanya wai yana son ya motsa ƙafa.

Yanzu kullum da safe Ruth sai ta tambaye ni yaushe zan manna sunayen, har sabon kwali ta sayo min. Shi ma Sylvanus wai ya rubuta takardar ajiye aiki zai miƙa ƙarshen wata, tunda kunne irin nawa ya shaida waƙa ce baiwarsa, ga 'ya'ya uku, amma wannan ruwansa ne. Ni damuwata, in na sa shi mutuncina ya zube a Kakuri, in ban sa ba gidana ya kama da wuta. Dabarar da na yi tunani, tunda zamanin farar hula ne, in sa fasinjoji su jefa ƙuri'a, in ya faɗi in ce ra'ayin jama'a ne. Matsalar ita ce shi ma Sylvanus motar yake shiga, ya raba wa kowa kaset kyauta, tausayi zai iya sa ya ci. Shi ya sa nake so in ƙirga ƙuri'un ni kaɗai. Ko akwai zunubi a ciki?

Direba Mai Kunne, Kudenda

Malam Direba,

Sannu da ƙoƙari. Shekara biyu kacal da dawowar mulkin farar hula, har ka ƙware a maguɗi, a zaɓen da ba a ma yi ba. Akwai zunubi a ciki, ka bar maganar ƙuri'a.

Zan yi maka adalci. Kowa ya san ranar ƙaddamarwa ana ƙara gishiri, ba wanda ake ba kaza don ya kushe. Kuma kana da gaskiya da ka ƙi manna abin da kunnenka bai yarda da shi ba, gurbi na biyar ka ba wanda ya cancanta. Sai dai ba kowa ba ne kai. Shekara goma sha huɗu kana koya wa mutane cewa in ka yaba to abu ya yabu, ba za ka dawo yau kana mamakin an yarda da kai ba. Ruth ba ta yi laifin komai ba, 'yar'uwa ce da ta ji mijinta ya ɗaga ƙanenta ta ji daɗi.

Abin da ya ɓata min rai shi ne, ka cika min takarda da labarin kwalinka, mutumin da zai bar aikinsa da 'ya'ya uku kuwa ka wuce shi a layi ɗaya, har da cewa ruwansa ne. Ruwanka ne tsundum. Da maganarka ya rubuta takardar nan.

Ka fara da Ruth. Ka gaya mata ba ka ji kaset ɗin ba ka yabe shi, ka bar ta ta faɗi abin da ke ranta, ka cancanci kowace kalma. Sannan ka nemi Sylvanus ku biyu, ba a mota ba, ba gaban matarsa ba. Ka ba shi haƙuri, ka faɗa masa inda kaset ɗin ya gaza dalla-dalla. In akwai waƙa ɗaya mai ɗan dama ka ambata, in babu kada ka ƙirƙiro. Ka ce ya riƙe waldarsa, ya ci gaba da koyon waƙa ranar Lahadi.

Zai yi fushi, wataƙila ya daɗe bai gaishe ka ba. Wannan za ka iya ɗauka. Ranar da 'ya'yansa za su rasa abin kai wa baki saboda tafin da aka yi maka, ita ce ba za ka iya ɗauka ba. Wata ya kusa ƙarewa, ka je yau.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ta Ruth, ya tsare wa Sylvanus abincinsa.

Anti Talatu