Taya Ɗaya a Sama

Litinin, 4 ga Mayu
Na dawo daga jinyar Yaya, na tarar an taɓa min motata a-kori-kura. Maigidana Baban 'Yan Biyu ya tare ni a bakin ƙofa yana washe baki, wai ya yi min gyara. Ya ƙara ƙarafa a sifirin ɗin baya, ya kuma yi wa shasi, wato ƙashin motar, waldar wasu sanduna a gicciye, don ya ga bayanta na durƙushewa in na loda buhunan abincin kaji. "Yanzu ko giwa kika ɗora ba za ta ce uffan ba." Na ce wa ya aike ka? Ya ce kyauta ce ya yi min. Mutumin da sana'arsa ƙera ƙofa da taga. Motata ta zama taga ke nan.

Talata, 5 ga Mayu
Tsalle take kamar ɗan akuya. Kowane rami sai na ji shi a haƙorana. Kafin in kai shagon farko ƙwan saman ya farfashe, gwaiduwa na ɗiga ta ƙasan kiret. Na faɗa masa, ya ce sabon gyara ne, zai saki. Ƙarfe ne zai saki? Takalmi ne?

Alhamis, 7 ga Mayu
Yau na sha kunya. A mashigar gona akwai kwatar da kullum nake haurawa a karkace. Na hau, taya ɗaya ta baya ta rataye a sama tana ta juyawa ita kaɗai, mota ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na taka totur, ƙara kawai. Sai da masu lodi suka hau gefen suka danne ta, suna dariya. Ɗaya ya ce, "Hajiya, motarki ta ɗaga ƙafa kamar kare." Ban yi dariya ba.

Asabar, 9 ga Mayu
Na ɗauko Inna daga wurin awon ido, bayan mota wayam. A kwanar gidan mai, wadda na sha ba adadi, ba gudu nake ba, Allah shaida. Sai na ji gefena ya yi sama, bayan motar ya zame. Sitiyari na hannuna amma ba ni ke tuƙi ba. Muka daki bakin titi muka tsaya a gicciye. Inna ta bugi gilashi da goshi. Salati kawai take, ta riƙe min hannu, ita ce ma ke tambayata ko na ji ciwo.
An yi mata ɗinki. Da Baban 'Yan Biyu ya zo asibiti ban bar shi ya shiga ɗakin ba.

Lahadi, 10 ga Mayu
Ba na magana da shi. 'Yan Biyu ne ke kai saƙo, sun mai da abin wasa.

Talata, 12 ga Mayu
Na kai motar garejin Dogo, bakaniken da ke duba ta tun da na saye ta. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana kaɗa kai. Abin da na riƙe daga bayaninsa: in mota ta sha kwana nauyinta na komawa waje, gaba da baya su raba shi. Ɓangaren da ya fi tauri shi ke kwashe kaso mafi yawa, sai tayarsa ta ciki ta saki ƙasa. Shasin irin wannan motar kuma da gangan aka bar shi yana ɗan murɗawa, don ƙafafu huɗu su zauna a ƙasa ko hanya ba daidai ba. Ya nuna min da teburin shayinsa, mai girgiɗi don ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa.
Ya ce, "Amma waldar ta yi kyau, ban taɓa ganin irinta ba." Na ce ka je ka faɗa wa goshin Inna.

Laraba, 13 ga Mayu
Inna ta ce in sassauta, ai da niyyar alheri ya yi. Kowa niyya, niyya. Ni abin da ke ƙona min rai bai tambaye ni ba. Ni nake zama a kujerar nan kullum, ni na san numfashinta. Waya ɗaya ta gagare shi?

Juma'a, 15 ga Mayu
Na je garejin in ji yaushe za a fara, sai na ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motata. Na san takalman. Ya rufe shagonsa tun jiya, shi ke yanke abin da ya haɗa, Dogo na tsaye a kansa yana ba shi umarni. Shi da ko hanya ba ya yarda a nuna masa! Na ji yana cewa, "To in na bar ƙarfe ɗaya fa?" Dogo ya ce cire duka. Ya ce to.
Bai san na zo ba. Na juya.

Litinin, 18 ga Mayu
An gama. Dogo ya ce a gwada. Na hau, Baban 'Yan Biyu kuma ya haye baya ba wanda ya sa shi, ya kwanta rub da ciki ya leƙo da kai yana kallon taya. Na ce sauka. Ya ce in za ta ɗaga, ta ɗaga da shi a ciki. Na sha kwanar gidan mai a hankali, na zagayo na sake sha da ɗan ƙarfi. Ta kwanta kaɗan kamar da, ta riƙe ƙasa. Ta madubi na hango shi ya ɗaga hannu yana ihu, "Tana ƙasa! Tana ƙasa!" Mutane na kallo. Babban mutum da furfura.
Ban huce ba. Kar ma ya ɗauka na huce.
A dawowa na tsaya na ce ya dawo gaba ya zauna. Rana ce ta yi zafi, shi ke nan.