Makirufon Cikin Tukunya

Zuwa ga Bulus,

Ina gaishe ka, ko da yake na san ba za ka karanta ba. Da ranka ma ba ka cika ba ni amsa ba.

Tun da aka binne ka na kasa zama wuri ɗaya. In leƙa taga, in zauna, in sake miƙewa. Jiya da rana wata tasha ta saka tsohon fim, irin na lokacin da majigi ya fara magana. A kan irin waɗannan finafinan na yi karatun da ya kawo ni ƙasar Turawan nan, ya ƙare a gadin motoci a Hyattsville. Labarinsu bai canzawa: babban ɗan wasa yana tashe, wani yana raɓe a bayan labule yana jiran ya faɗi. Na kashe tun bai ƙare ba.

Ni aka koya wa jefa murya har kujerar baya. A dandalin wasan kwaikwayo a Jos ni ne sarki, kai ke riƙe mini riga. Sai 'yan talabijin suka zo, suka ɓoye makirufo cikin tukunya. Ina buɗe baki, mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa ya yar. Kai kuwa ka matsa jikin tukunyar ka yi magana ƙasa-ƙasa. Daga ranar rigar ta zama taka. Wa ya nuna maka inda aka ɓoye shi, Bulus? Me ya hana ka taɓa ni, ko da ƙafa ne?

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba: ka iya. Na kalla, na ji haushi, na sake kallo.

'Yarka Rifkatu ta kira daga Woodbridge. Ran Asabar za a yi taron tunawa da kai a coci, za su haska tsofaffin wasanninka. Tana so in yi magana, wai ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san ka a dandali. Jikokinka in an yi musu Hausa, da Turanci suke amsawa. Ina za su san akwai wanda ya sa rigar kafin kai? Na ɗauki waya zan ce mata ba ni da lafiya, na ajiye. Na sake ɗauka, na sake ajiyewa.

To, zan je. Zan gaya musu ka iya, ba zan rage maka komai ba. Amma in ta miƙo mini makirufo, a kan tebur zan bar shi. Na kujerar baya za su ji ni.

Ka huta lafiya.

Mai rigar na farko,
Yohanna