Ƙanena Ya Bar Gayya Ya Tafi Kallon Dodo

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, raina ya ɓaci matuƙa. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Tun rasuwar mahaifinmu, ni da ƙanena Sama'ilu gandu ɗaya muke, rumbu ɗaya. Bana gyaɗa ta yi, ga ruwan ƙarshe bai ɗauke ba, in ta daɗe a ƙasa tsiro za ta yi. Na kira gayya, na raba goro, maiɗakina ta tuƙa tuwo ta dama fura. Wallahi tsofaffi ne kawai suka zo, masu ciwon baya. Samari ko ɗaya.

Ashe ranar ce mai gidan kallo ya kawo fim ɗin wasan nan da suke dannawa a waya, an fassara shi da Hausa. Na je na leƙa, ko ƙafa ban wanke ba. Wai wani jarumi ne ya saɓa takobi, ya keta dazuzzuka zai ƙwato ɗan'uwansa daga hannun dodo. Ga Sama'ilu a bencin gaba yana tafi, har da ƙwalla! Ɗan'uwan ƙarya ya ba shi tausayi, ni na gaske ina bayan gari a duƙe. Da na yi magana, sai ya ce wai ranar kaɗai za a nuna, gyaɗa kuwa ba gudu za ta yi ba. To, rabinta ya yi tsiro. Na ce a raba gandun kowa ya kama gabansa, Inna tana ta kuka. In raba?

Wanda aka bari a gona

Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Sama'ilu ya yi laifi, kuma dole ya ji shi daga bakinka a gaban Inna, ba a bainar jama'a ba. Amma ina da tambaya: da ka sa ranar gayya, ka shawarce shi? Ƙanen da ba a jin ta bakinsa, gonar yaya yake gani, ba tasa ba.

Kada ka yanke hukunci cikin fushi. Bari a gama kaka. Ka yanka masa gayauna, wato 'yar gona tasa ta kansa, ya noma da kansa, ya san zafin asara. Gayyar baɗi kuma shi zai kira abokansa. In ya sake watsa maka ƙasa a ido, to ku raba cikin mutunci.

Gyaɗa za ka sake shukawa. Iyakar da ka ja tsakaninka da ƙanenka kuwa, har jikokinku sai sun tarar da ita. Allah ya huci zuciyarka, ya mayar maka da alheri.