Ki Koma Ki Gaida Ninong Crispin

Luningning 'yata,

Gaisuwa daga Singafo. Yaya tarin kakarki? Ƙaninki Dodong yana zuwa makaranta, ko yana can bin masunta? Ni lafiya lau. Tsohuwar da nake jinya ta ƙara nauyi, bayana yakan ɗan yi ciwo, amma kada ki gaya wa kowa.

Na ji abin da kika yi a bikin waliyyin garinmu. Ninong Crispin, ubanki na baftisma kuma ɗan majalisarmu, ya miƙo hannu ki ɗora a goshi don gaisuwar girmamawa irin ta al'adarmu, kika ce, "Sai ranar da ka goyi bayan harajin hayaƙi, Ninong." Wai har aka yi dariya. Ni ban yi ba. Ba haka na rene ki ba.

Ban ce ki bar aikin sa kan da kike yi wa ƙungiyarku ta kare muhalli ba. Masu ƙona kwal su biya ɓarnarsu, wannan gaskiya ce, tunda hayaƙinsu ne ke ƙara wa guguwa ƙarfi. Guguwar da ta kwashe rufinmu ce ta raba ni da ku. Amma mutumin da kika kunyata a bainar jama'a ba zai goyi bayan dokarku ba, ko da ya yarda da ita.

Ranar Lahadi ki sa suturar kirki, ki je gidansa ki nemi gafara. Sannan ki zauna ki yi masa bayani har ƙarshe. In ya ƙi, ki koma wata Lahadin. Yana iya korar 'yan ƙungiyarku, amma ba ya iya korarki, ke 'yarsa ta baftisma.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Erlinda